Inna ta kashe gem ɗin Yaya

Layin sauya manhaja na bisa allon gem ya kai rabi anka kira la'asar, sai na aje gem ɗin bisa tabarma nit tafi masallaci.

Na Yaya Sani ne, ɗan na hannu, aro ya ba ni. Wani a bidiyo yac ce in an sauya manhajar ciki wasanni za su ƙaru, amma kada a kashe sai layin ya cika. Shi ne na fara sauyawa.

Na dawo na iske shi baƙi ƙirin.

"Inna, wa yat taɓa wanga?"

"Ni ce. Na gan shi shina cin caji a banza, na kashe maka. Ko godiya babu?"

Na danna, na danna, shiru. Gobe Yaya ka dawowa daga Kebbe, Inna ko ta ce in bar shi shi huta.

Jama'a, don Allah, hutu na tada shi, ko ya mutu ke nan?