Kurmin Giginyar Kaka Kulu

A gidanmu na Argungu ba a hura wuta don tatsuniya. Albarkacin wutar gumi muke ci. Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Kaka Kulu, sana'arta ke nan: ta jiƙa shinkafa, ta turara ta a rabin duro, ta shanya, sannan a kai inji. Idan an girbe fadama sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i za ka same mu zagaye da duron nan, mu jikokinta, kowa ya miƙa tafin ƙafarsa wajen garwashi. Har yau in na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa sai in ji kamar wani na gyara murya zai fara labari.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma sai malami ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Wurin zamana shi ne bayan kowa, jikin tarin itace, inda nake ganin hannuwan Kaka sosai. Ita kuwa ta lura da haka, shi ya sa take ce mini Rabi mai ido.

Hannuwan nata nake kallo domin Kaka ba ta fara tatsuniya da baki. Sai ta jawo tokar jiya da sakaina, ta yayyafa mata ruwa daga buta, ta daddaɓe ta da tafin hannu har ta kwanta. Ta sa ɗan yatsa ta ja layi mai lanƙwasa, gulbi ke nan. Ta tara toka gefe guda, tudun da gari yake. Ɓawon gyaɗa ya zama kwalekwale. Idan Yaya Bashar, ɗan wan babana, ya ƙosa ya ce ta fara mana, sai ta harare shi.

"Kai maigida, yi haƙuri. Labari ba shi tsayawa bisa iska. Sai an shimhiɗa mai ƙasa."

Abu na ƙarshe da take yi, a tatsuniyar da na fi so, shi ne ta zaro tsinkayen tsintsiya ta kakkarya, ta kafa su cunkus a cikin gwiwar gulbin, inda ya yi kwana kamar lauje. Wannan shi ne kurmin giginya. Sai ta karkaɗe hannu ta ce, "To, ga ta nan tahe da laka ga ƙahwa." Mu kuma mu amsa, "Ta wanke ta shigo."

Wai a farkon zamani Gulbi baƙo ne a ƙasar nan, bai san hanya ba. Sai ya aiki Shamuwa da Kunkuru su dubo masa abin da ke gaba, don kada ya ci gidan kowa. Shamuwa ta tashi sama ta dawo ta ce akwai wani koren tudu a gaba, dogo, ruwa ba zai iya hawansa ba. Kunkuru ya daɗe bai dawo ba. Da ya iso sai ya ce ƙarya ne, shi da ƙafarsa ya taka wurin, shimfiɗe yake kamar tabarma, sai dai akwai inuwa mai sanyi, kuma abinci na faɗowa daga sama. Gardama ta kaure. A nan Kaka take ƙanƙance murya ta yi ta Shamuwa, ta kumbura kumatu ta yi ta Kunkuru, mu yi ta dariya har ƙananan su faɗi kan tabarma.

Da Gulbi ya gaji sai ya ce su yi musaya. Shamuwa ta ɗauki Kunkuru a ƙafafunta ta tashi da shi, ya leƙa ƙasa ya ga tudu kore shar. Suka sauko, Shamuwa ta naɗe fikafikai ta bi shi a ƙasa, ta ga ashe giginyoyi ne suka haɗa kai. Suka koma da kunya suka faɗa. Gulbi ya ce wurin da ya zama tudu ga na sama, ya zama inuwa ga na ƙasa, shi ba zai ci shi ba. Sai ya kewaye. Shi ya sa gulbi ya lanƙwashe a wurin.

"Na bisa kai shika gani, na ƙasa ƙahwa shika gani," in ji Kaka. "Kowa da rabin gaskiyatai."

Daga nan takan ƙara da cewa kurmin nan ba na tatsuniya kaɗai ba ne. Yana kusa da ƙauyensu, a hayin gulbi. Can suke tsintar ƴaƴan giginya suna yara, su binne ƙwallon, bayan watanni su tono muruci. Ta ce in iska ta kaɗa, ganyen na ƙara kamar ana tafi. Tun da aka kawo ta cikin gari iyayenta suka rasu, ƙafarta kuma ta fara ciwo, ba ta sake taka wurin ba.

Ina aji ɗaya na sakandare aka yi suna a ƙauyen, aka ɗebe mu da ita a motar ɗaukar albasa. A hanyar dawowa Kaka ta buga jikin mota ta ce a tsaya, za ta nuna wa jikokinta kurmin. Muka sauka muka bi kunya-kunyar gona a bayanta. Tana tafe tana dogara sanda da sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Muka isa gwiwar gulbin. Babu komai sai shinkafa, iya ganin ido, da injin ban ruwa yana ta tari a bakin wata rijiyar burtsatse. Wani saurayi ɗan ƙwadago ya ɗago ya gaishe ta. Ta tambaye shi. Ya ce shi dai baƙo ne, tun da ya zo haka ya ga wurin.

Yaya Bashar ya yi dariya, ba da mugunta ba, irin wasan jika da kaka ne. "Amarya, ko Shamuwa ta ɗauke shi ta kai Gabas?"

Da a ce wata rana ce, da ta rama masa da abin da zai sa kowa dariya. Ran nan kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Na ga ta juya gabas, ta juya yamma, ta dubi gulbin, ta dubi sabuwar hanyar mota da ba ta sani ba. Leɓenta na motsi kamar mai lissafi. Can ta ce a hankali, "Ko ba nan ne ba?" Babana ya ce giginya ai an sare ta ko'ina don azara, wa zai iya tuna wacce ce a ina. Muka koma mota.

Ba ta daina ba mu tatsuniya ba. Amma ta Shamuwa da Kunkuru ba ta sake fitowa ba. Wani dare na tattara duk ƙarfin halina na matso kusa na roƙe ta. Ta shimfiɗa toka, ta ja gulbi, ta karya tsinkaye. Hannunta ya tsaya a sama, yana yawo daga wannan kwana zuwa waccan. Sai ta jefa tsinkayen cikin wuta.

"Rabi mai ido, ban san inda zan kahwa su ba. Bari in ba ku ta kura."

Shekaru suka wuce. Na zo Birnin Kebbi karatun kwamfuta, na haɗu da Rifkatu. Iyayenta mutanen Filato ne, babanta na da shagon gyaran waya a kasuwa, ita kuma duk surutun da Allah ya hana ni ya ba ta. Don aikinmu na shekarar ƙarshe muka yanke shawarar yin wasan kwamfuta na tuƙa kwalekwale, kuma muka ce ba za mu ƙirƙiro ƙasa daga kanmu ba, tamu za mu sa. Akwai bayanan tudu da kwari na duniya da aka auna daga sararin samaniya, ana samun su kyauta a intanet. Ka yanko yankin da kake so, ya zo maka kamar hoto marar launi: inda ya yi haske tudu ne, inda ya yi duhu kwari. Ka zuba shi cikin manhajar gina wasa, sai ƙasa ta taso a gabanka, ka zuba mata ruwa, ka shafa mata ciyawa. Ranar farko da na ga kwarin Rima ya taso a allo, abin da ya faɗo mini shi ne tafin hannun Kaka a kan toka.

Aikina shi ne gyara. Bayanan na zuwa da ƙuraje, ƙananan tsini da ramuka da ba su da ma'ana, sai a bi su da wani abu kamar goga a lallashe su. Ina cikin wannan, a ɗakinmu na haya, fanka na juyawa da ƙyar, na isa hayin gulbi ƙasa da Argungu. A cikin wata gwiwa mai kama da lauje na ga tudu. Ba tsini ba ne irin na kuskure, yana da faɗi, kansa a kumbure. Na buɗe hoton wurin na yanzu. Gonakin shinkafa ne, shimfiɗe.

Rifkatu ta leƙo ta kafaɗata tana cin gyaɗa. "Wannan ƙurji ne babba. Goge shi, ƴar'uwa, in ba haka ba malam zai ce mun sa dutsen Jos a fadamar Kabi."

Na ɗora gogar a kansa. Ban danna ba.

"Rabi, lafiya? Kin yi kamar kin ga tsohon saurayi."

Na ce ta ba ni zuwa gobe. Washegari na tsaya bayan darasi har kowa ya fita, na tambayi malaminmu ko na'urar da ta yi awon tana iya ganin tudu inda babu. Ya ce sosai ma. Na'urar abin da ta fara tararwa take aunawa, ko rufin gini ne ko kan itatuwa, in sun yi cunkus sai ta ɗauke su ƙasa ce. Ya ƙara da cewa bayanan da muka sauko da su tsofaffi ne, sun girme ni, don haka in yi hattara, ƙasar ta canza tun lokacin.

Na fito na zauna a gindin wata bishiyar bedi na daɗe. Na bisa kai shika gani. Wata shamuwar ƙarfe ta wuce ta saman ƙauyen su Kaka kafin a haife ni, ta ga koren tudu, ta rubuta, ba wanda ya je ya gaya mata an sare.

Da na ba Rifkatu labarin, sai ta jawo kwamfutar gabanta ta sake duban tudun. Sannan ta ce, "To mu saukar da ƙasar daidai da fadama, mu dasa giginya a kai. Ni zan zana ganyen. Amma ke za ki yi wa malam bayani, da bakinki." Na yi kuwa.

Da hutu na tafi Argungu da kwamfutar a jaka. Kaka ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, matar Yaya Bashar ce ke gumin yanzu, ƴaƴansu ne ke zagaye da duron. Bayan isha'i na zauna kusa da ita na buɗe allon, na tuƙa kwalekwalen har cikin gwiwar, giginyoyi suka bayyana. Yara suka yi ihu. Kaka ta kawo fuskarta kusa, ta ja baya.

"Haske kawai nika gani, ɗiyata. Mi ne ne?"

Ban yi tunanin wannan ba ko kaɗan. Na zauna da abin a cinya, kunya ta rufe ni. Sai idona ya faɗa kan sakaina a gefen murhu.

Na jawo toka. Na yayyafa ruwa na daddaɓe. Ina duban allo ina jan gulbin da yatsa, kwana bayan kwana, kamar yadda aka auno shi. Na tara tudun gari, na ja sabuwar hanyar mota. A cikin gwiwar na ɗan tara toka kaɗan. Sannan na kama hannunta na ɗora, na gaya mata abin da malam ya ce, da abin da aka gani daga sama tun kafin a sare.

Yatsunta suka bi gulbin a hankali tun daga gari. Suka wuce kwana ta farko, suka wuce ta biyu. A ta uku suka tsaya kan ɗan tudun, suka shafa shi, suka sake shafawa.

"Nan muka tsaya da motar albasa?"

"Nan ne, Kaka."

"Ashe ban ɓace ba."

Yaya Bashar na tsaye a bakin zaure, da gemunsa da komai. Ta ɗaga kai wajen da ta ji motsinsa. "Maigida, kana nan? Shamuwa ba ta ɗauke shi ba. Ajiya ta yi min. Miƙo tsintsiya."

Shi da kansa ya kakkarya tsinkayen ya zuba mata a hannu. Ta kafa su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta laluba ba.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan tana koya mana kada mu yi gardama ne kawai. Yanzu da nake wuni ina lallashe ƙurajen taswira, na gane wani abu dabam. Abin da bai yi daidai da ganinka na yau ba, ba lallai kuskure ba ne. Wataƙila wani ne ya ga wurin daga inda ba ka tsaya ba, ko a ranar da ba ka nan. Shi ya sa har yanzu, kafin in goge kowane tudu, nakan tambayi kaina wa ya taɓa zama a inuwarsa.

Daren nan dai ban yi wannan tunanin ba. Na rufe kwamfutar, na koma wurina na da, jikin tarin itace. Kaka ta karkaɗe hannu, ta gyara murya.

"To, ga ta nan tahe da laka ga ƙahwa."

Yaran ba su san amsar ba, ba a taɓa ba su wannan ba. Suka dubi juna. Sai na ji muryata ta fito, da ƙarfi, har matar Yaya ta waiwayo:

"Ta wanke ta shigo."