Awon Cefanen Doreen

Shekara arba'in da ɗaya Norman Clegg yana bin matarsa Doreen kasuwar garin Accrington duk ranar Juma'a, amma bai taɓa buɗe baki ya sayi ko kan albasa ba. Aikinsa riƙon jaka. In mai kaya ya tambaya guda nawa ko laba nawa, ita ke amsawa, shi kuwa yana gefe yana zagin 'yan ƙwallon garin a zuci. Tsohon direban bas ne da ya haddace kowace kwanar hanya ta yankin Lancashire, amma bai san yawan abin da ke shiga cikinsa ba.

Doreen ta rasu da hunturu. Bayan wata biyu kewar girkinta ta hana shi sakat, musamman wuyan ragon da take jerawa da dankali da albasa a kasko, ta bar shi a tanda tun hantsi. Ya birkice gidan kaf, babu inda ta rubuta komai.

Haka ya ɗauki jaka ya tsaya gaban Alf mahauci. Da Alf ya tambaye shi laba nawa, sai ya ce bai sani ba.

"Kai dai ɗan dako ne har ka tsufa," in ji Alf. "Laba ɗaya da rabi take saya, a yanka da kauri. In raba maka biyu?"

Norman ya ce a bar shi yadda take saya.

Beryl mai kayan lambu ma ba ta manta ba: dankali laba biyu, albasa uku manya, kuma sai Doreen ta latsa kowacce ta yi mita. Ashe girkin matarsa a kawunan 'yan kasuwa yake a rarrabe, sai ya bi rumfa-rumfa yana tattarowa.

Da ya koma gida ya dafa, ƙamshin ya fito daidai, har ya ji kamar zai ji tarinta daga kicin. Da ya kai loma, sai lami. Ya koma wurin Beryl ya tambayi yawan gishirin.

"Wannan kam ba a rumfata take auna shi ba, Norman. Da yatsunta take ɗiba."

Har yau duk Juma'a yana gwadawa, wani makon ya yi yawa, wani makon ya kasa. Yatsunsa sun fi nata kauri, kuma duk shekarun nan bai taɓa tsayawa ya kalli sau nawa take tsoma hannu ba.