Illiya Bai Hau Jirgin Yamai Ba

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Illiya mai ɗinkin sirdin raƙumi, nan Agadas. Mutum ne da bai iya zama ba, ko shayi a tsaye yake sha. Shekarar farin tamanin da huɗu, lokacin soja na mulki, raƙuma suka mutu, masu sayen sirdi suka watse, sai ya koma ɗinkin takalma. A shekarar ne wani ƙululu ya fito masa a wuya, lokotoro, wato likita, ya ce ciwon daji ne.

Aikin tiyata sai a Yamai, jirgin soja kuwa mutum ɗaya za a sa a ciki. Lokotoron ya ce zai duba wanda jikinsa zai jure wuƙa, shi za a tura.

Ranar dubawa na bi shi da ƴaƴansa asibiti. Da asuba na ga Illiya da idona yana jan guga. Amma ƴaƴansa, Ya'u da Hassane, suka hana shi taka ƙasa, suka ɗauko shi cikin bargo, wai kada gari ya ce ba su kula da tsoho.

Lokotoro ya ce, «Yana aiki? Yana wanka da kansa?»

Ya'u ya ce, «Muna raye? Ko buta ba ya ɗagawa. Kwance yake wuni, komai mu ke yi masa.»

Illiya ya sunkuyar da kai. Ba zai ƙaryata ɗansa gaban baƙo ba. Ni kuwa ban gane abin da ake aunawa ba sai da lokotoro ya ce wanda ke wuni kwance ba zai tashi daga tebur ɗin aiki ba. Ya ba su maganin rage zafi, ya zaɓi wani.

A waje na tare Ya'u. «Kai, ka san abin da ka yi?»

Ya ce, «Inna Biba, so kike in faɗa wa baƙo ubanmu ke ɗibar ruwa?»

Washegari muka koma, aka ce an riga an kai sunan wancan wurin kumandan, ba mai taɓa shi. Har yau abin na ci mini rai. Da jirgin ya bi ta kan unguwarmu, Illiya na saman soronsa yana yaɓe, taɓo har gwiwar hannu. Bai kai damina ba.