Inci Biyun da Yaya Take Ragewa

Yayata tela ce, shekara ashirin da shida a shago ɗaya mai fanka mai gurnani. Tana da wani hali: in ta zagaya tef a ƙugun mace, sai ta rage inci biyu a baki, ta rubuta na gaskiya a littafin awo. Mace ta tafi tana murmushi, riga kuma ta zauna mata cif. Ita kanta Yaya ba wanda ya taɓa auna ta. Rigunanta da ido take yankawa, ta bar su da faɗi sosai.

Zaman keken ɗinki ya tara mata jiki, jiki ya jawo ciwon suga da hawan jini, har ta kai in ta tashi ɗauko almakashi sai ta dafa tebur ta huta. Bara idonta ya fara hazo. Ta riƙa miƙo mini allura in zura mata zare, tana cewa zaren yanzu ba shi da kyau. Likita bai ɓoye mata ba: in suga ya ci gaba haka, ido zai tafi, ƙoda ta biyo baya. Ya ce akwai tiyatar rage tumbi, amma ba zai taɓa ta ba sai suga ya sauka. Ya ba ta kati ta riƙa rubuta awon suga safe da yamma har wata uku.

Ni ce 'yar rakiya, kuma Allah ya yi ni da baki. Na kwashe kwalaben lemo daga shagon, na hana ta burodi, ina yi mata faɗa a gaban masu kawo ɗinki kamar ni na haife ta. Kullum sai na karɓi katin na duba. Lambobi suka riƙa sauka, ni kuwa ina nuna wa dangi ina cewa aikina ne.

Saura kwana tara a yi tiyata aka ɗebi jininta. Likita ya ajiye sakamakon kusa da katin, ya dube su, ya dube ta.

"Hajiya, wannan gwajin yana nuna yadda suga ya kasance wata uku, kuma bai yarda da katin nan ba. Da na bi kati na kwantar da ke, wurin da zan yanka ba lallai ya haɗe ba."

Yaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ni kuma, maimakon in rufa mata asiri, sai na ce, "Yaya, ashe ƙarya kike yi mana?" A gaban likita, a gaban nas.

"Kaɗan na rage," in ji ta, da ƙyar ake jin ta.

Aka ɗage tiyata sai bayan wata uku, in suga ya sauka. Wata uku kuwa ba wasa ba ne ga idon da ke gudu.

Muka koma shago. Ta zauna ta jawo littafin awo, ta buɗe can ƙarshe ta turo mini. A saman shafin ta rubuta "Mai shago". A ƙasa ga lambobin suga na gaskiya, safe da yamma, ba fashin ko rana ɗaya. Wasu sun ninka na katin.

"Kina da na gaskiya, me ya hana ki ba likita?"

"Ai ba shi nake rage wa ba, ƙanwata. Ke kike fara karantawa. In ya yi sama sai ki yi ta faɗa, ga mutane a zaune. In ya sauka sai ki tafi kina murmushi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Shekara da shekaru ina yi wa matan nan dariya, suna fita da inci biyunsu suna jin daɗi, ashe ni ma haka ta sallame ni, kuma ni na sa ta.

Da muka koma asibiti littafin awon ta ɗauka, da sunayen mata da ƙugunsu a ciki, ta buɗe wa likita shafinta da hannunta. Ya ƙara mata allurar suga, ya ba ta sabon kati. Wannan katin ban taɓa buɗe shi ba, yana cikin aljihun kekenta.

Yanzu saura sati biyar a sake gwaji. Kullum da safe nakan biya shagon in zura mata zare a allura goma, in soke su a jikin labule inda hannunta zai kai. Jiya ta ce in ƙara biyu. Ba ta ce zaren ba shi da kyau ba, cewa ta yi ba ta ganin ramin allurar.