Isufu Mai Rubutu a Bakin Fito

A shekarun da ba a yi gada a Gaya ba, lokacin da jirgin fito ke haye da kamiyo, wato manyan motocin kaya, da fatake zuwa Dahome, akwai wani mutum da ke zama a gindin tsamiya kusa da mashigar jirgin, da tabarmarsa da tawada da alƙaluma a cikin gwangwani. Sunansa Isufu, asalinsa mutumin Tanda ne, sana'arsa rubuta wa matafiya wasiƙa da ajami. Ƙanwarsa Ajuma tana sayar da bandar kifi taku goma daga inda yake zama. Duk garin ita kaɗai ta san abin da ya mai da shi yadda ya zama.

Shekarar da fara ta cinye gero, Isufu yana da shekara goma sha ɗaya, Ajuma tana da shida, ubansu kuma ya riga ya rasu. Uwarsu Yalwa ta ɗauke su a ƙasa za su Gaya, don an ce a bakin kogi ana samun abin sawa a baka. Rana ta take tsaka suna cikin dajin giginya ƙafarta ta ƙi ɗaukarta. Ta zauna a gindin wata giginya, ta miƙa wa Isufu gora, ta ce su je su nemo ruwa, tana nan. Suka yi tafiya mai nisa kafin su sami rijiya. Da suka dawo, ba kowa a wurin. Ba ɗankwali, ba sawu, ba alamar jan dabba. Suka yi ta kira har muryarsu ta dishe.

Ajuma ta girma ta ɗauka cewa uwarsu ta rasu, ta yi mata addu'a, ta haƙura. Isufu bai taɓa haƙura ba. Giginya duk kamarsu ɗaya, in ji shi. Wataƙila ba gindin da suka baro ta suka koma ba. Wataƙila tana can gaba kaɗan, tana jin kiransu, ba ta da ƙarfin amsawa.

Goggonsu da ke aure a Gaya ta riƙe su, mijinta ya koya wa Isufu karatu da rubutu. Ya tashi mutum mai shiru, mai kyawun hannu, ba ya son a bar shi da jiran kowa. Da ya auri Kaltuma, ɗiyar masunta daga Tunuga, mace mai dariyar da ake ji daga nesa, sai ya saki jiki. Shekara biyu Ajuma tana ganin wanta yana cin tuwo har ya nemi ƙari.

Ranar da abin ya faru kogi ya cika, rana fetal, ba iska ba hadari. Kaltuma tana dawowa daga kasuwar ƙetare a kwale-kwale. Isufu yana rubuta wa wani bafatake wasiƙa, ya ɗaga kai ya hango kwale-kwalen a tsakiyar ruwa, har ya gane jan zanenta. Ya sunkuya ya ƙarasa layin da yake kai. Da ya sake ɗagowa, ruwa ne kawai shimfiɗe. Masunta suka tsamo mutum bakwai. Ba a ga Kaltuma ba.

Bayan kwana arba'in ya koma gindin tsamiya, amma yanzu in ba mai wasiƙa sai ya jawo takardar ƙunshin sukari ya yi ta rubutu a bayanta. Waƙoƙi ne da labarai. Masu jiran jirgi suka fara cewa ya karanta musu, ya karanta da muryarsa ta kullum, ba ɗagawa ba saukewa. Akwai labarin matar da ke zaune a gindin giginya tana roƙon matafiya ruwa, duk wanda ya ba ta sai ta dube shi ta ce, ba kai na aika ba. Akwai na wani gari a ƙarƙashin kogi inda mata ke daka ba a jin ƙarar taɓarya, kowace tana kallon sama ko za a zo ɗaukarta. Abin da ya fi tayar da tsigar jiki shi ne, duk abin tsoron da ke cikinsu da rana tsaka yake faruwa, kasuwa tana ci.

"Yaya, ka bar su su kwanta mana," in ji Ajuma wata rana, bayan ta ga wata mata ta tashi daga wurin tana share hawaye.

"A ina suke kwance?" ya tambaye ta. Ta koma wurin kifinta.

Cikin masu sauraro akwai Alassan, mai tuƙin kamiyo tsakanin Gaya da Doso, mutum mai ba'a. Ya matsa wa Isufu sai ya yi masa waƙa da sunansa a ciki. Isufu ya ƙi, ya ce hannunsa ba ya iya waƙar yabo. Alassan ya ce ko wace iri ce yana so, jama'a suka taya shi. Daga ƙarshe Isufu ya tsoma alƙalami ya rubuta baiti biyu, ya karanta:

Motar Alassan tana kan hanya,
Kaya cif, ba a taɓa ɗaya ba.
Ƙofa buɗe, rana tsaka,
Mai ita bai ce ga inda za shi ba.

Aka yi dariya, Alassan ya fi kowa. Ya ninke takardar ya sa a hula.

Wata bai cika ba aka tarar da kamiyon a gefen hanyar Doso, ƙofa buɗe, goro a ɗaure yadda aka loda shi, Alassan kuwa ba ya nan. Wasu suka ce zazzaɓi ne ya juya masa kai ya shiga daji, wasu suka ce gudu ya yi daga wata rigima a gida. Ba wanda ya sake ganinsa. Gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka tafi da Isufu bariki, suka yi kwana biyu suna tambayarsa, suka sake shi don ba su sami komai ba. Amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin. Fatake suka daina kawo wasiƙa. In ya ratsa kasuwa sai a yi shiru, wasu su tofa addu'a a tafin hannu. Har kifin Ajuma ya fara kwantai.

Ta same shi da hantsi a gindin tsamiyar, shi kaɗai. Ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, don Allah gaya mini gaskiya. Ka gani ne?"

"Ban ga komai ba, Ajuma. Ni ban san abin da ke zuwa ba. Abu guda na sani: mutum yana nan, ka juya, ba ya nan. Shi nake ta rubutawa, suna kawai nake sakewa." Sa'an nan ya ce, "Shi ya sa ban taɓa sa naki ba."



Da damina ta faɗi ya naɗe tabarmarsa ya koma Tunuga, ya yi bukka a gefen fadamar shinkafa, nesa da mutane. Ajuma takan kai masa fura da kifi ranar kasuwa. Duk zuwanta sai ta tarar ya ƙara ramewa, tari ya ƙara zurfi, takardu sun ƙara yawa a cikin jinka. Ya daina karanta wa kowa. Wani lokaci tana magana sai ya ɗaga hannu, ya karkata kunne wajen kogi, ya jima a haka, sa'an nan ya ce ta ci gaba.

Ya rasu shekarar da aka fara aikin gada, da la'asar, kansa a kan cinyarta. Mutanen Tunuga suka yi masa sutura kamar kowane Musulmi. Ajuma ta tattara takardun a cikin zane ta kai wa wani malami a Gaya, don ita ba ta karatu. Malamin ya karanta shafi biyu, leɓɓansa na motsi, ya ninke, ya miƙa mata. Ya ce ba saɓo a ciki, amma shi ba zai kwana da su a gidansa ba. Ta zuba su a tukunya ta rufe, gara ta cinye fiye da rabi.

Bayan shekaru, wata rana tana zaune a bakin ruwa da faifan kifinta, sai ta ji wata yarinya 'yar ƙabilar Dendi tana tuƙa kwale-kwale tana rera waƙa da Hausa mai gargada. Kafin a kai baiti na uku Ajuma ta gane maganar wanta ce. Ta kira yarinyar ta tambaye ta waƙar wa ce. Yarinyar ta ce ba ta kowa ba ce, tsohuwar waƙa ce, amma innarta ta hana ta yin ta in kogi ya cika. Ajuma ta dubi ruwan, ya kusa kai wa ga tushen itatuwa. Ta rufe kifinta ta tafi gida tun rana ba ta yi sanyi ba.