Takin da Muka Zuba a Gonar Gwaji

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da aka auna shinkafar gwaji a gonar mijina ba, Allah ya ji ƙansa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma in kuka ya tare ni sai a yi mini haƙuri.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, wata Dakta daga jami'a ta zo da sabon irin shinkafa. Ta ce wata hukumar gwamnati mai ɗaukar nauyin bincike ce ta ba ta aikin, kuma abin da ta gano shi za a buga, a kansa za a raba wa manoma irin. Aka zaɓi gonar mijina Malam don tana bakin kanal ɗin ban ruwa, kuma an san shi da amana. Suka kafa fegi, suka raba ta huɗu. Uku za a ba su takin zamani, na huɗun ta ce ruwa kawai. Ta yi bayani, amma ba mu gane ba. Wa ke shuka abu ya bar shi da yunwa da gangan?

Cikin 'yan makonni ɓangaren nan ya yi rawaya. Masu wucewa suna yi wa Malam ba'a, wai tsufa ya mantar da shi noma. Ya daina cin tuwon kirki. Ni na zuga shi. Na share kashin awakina na cika buhu biyu, na ce Dakta 'yar birni ce, in ta ga shinkafa ta yi kore godiya ma za ta yi. Ya yi kwana uku yana jan ƙafa, sannan ya ɗora su a keke ya je ya zuba a ɓangaren a ɓoye.

Shinkafa ta farfaɗo, ta kamo 'yan uwanta. Duk zuwan Dakta sai ta tsaya a wajen tana mamaki tana rubutu, Malam kuwa ya sunkuyar da kai.

Ranar awo manya biyu suka zo daga hukumar, ga mai unguwa, ga manoma cike da bakin gona. Na kawo fura na tsaya baya cikin mata. Da aka ɗora na huɗun a sikeli, kaɗan ya rage ya kai sauran. Babban cikinsu ya ce irin wannan sakamako suke nema, iri mai bayarwa ba taki, kuma baɗi za a raba shi a faɗa wa kowa haka. Maƙwabcinmu mai iyali goma sha ya ɗaga hannu yana hamdala, wai ya huta da neman taki, gonarsa duka wannan irin zai zuba.

Malam ya waiwayo ya neme ni da ido. Abin da ke sa ni kuka har yau shi ne, girgiza masa kai na yi. Kunya nake tsoro, ba yunwar maƙwabta ba.

Ya kau da kai, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban yarinyar da ya haifi kamarta.

"Dakta, ki gafarce ni, na ci amanarki. Wannan ɓangaren na zuba masa takin awaki."

Ta tambaye shi yaushe, buhu nawa, ya faɗa. Ta tambaye shi ko wani ne ya sa shi, ya ce shi kaɗai ne. Ta ja layi a littafinta. Babban ya ce aikin shekara guda ya tafi a banza, kuma sai sun duba ko za a ci gaba da ita. Suka shiga mota.

Aka ɗauke gwajin aka kai wajen garin Garun Malam. Mutane suka riƙa kiran mijina likitan awaki, har a ƙofar masallaci. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, har ya rasu bayan shekara biyu.

Ina cikin takaba Dakta ta zo gaisuwa da wasu takardu bugaggu. Ta ce da ƙyar hukumar ta bar ta ta sake, kuma ta tabbata irin nan ba ya yin komai in ba taki, haka aka buga, haka aka faɗa wa manoma.

"Inna, da Baba ya yi shiru, da gidaje da yawa sun kwana da yunwa da sunana."

Nan na faɗa mata ni ce na cika buhunan, ni ce kuma na so in hana shi magana. Ta riƙe hannuna muka yi kuka tare. Amma wanda ya kamata in nemi gafararsa yana ƙasa.

Na koyi cewa abin da ban gane ba in tambaya kafin in sa hannu, ko da tausayi ne ya motsa ni. Kuma in ka ga naka zai faɗi gaskiya, ka tsaya kusa da shi tun yana raye.