Akwatin Tijani

Tijani mai gyaran rediyo ne a unguwar Tahaggart, nan cikin Sahara inda muke ci-rani, mutumin Matamaye. Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana manne da nasa, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam mai kwaɗayin labari kamarsa ba. Ka ce masa ina kwana, ya gaya maka an yi girgizar ƙasa a Japan. Sarkin Labari muke ce masa, shi kuwa har ƙirji yake bugawa.

A shekarar 2004 ƙanensa Sadiƙu ya shiga mota zuwa Libiya neman aikin gini. Kafin ya tashi suka je sibar ɗin Hasan, inda ake hayar ordinatar, wato kwamfuta, aka buɗe wa Tijani akwatin wasiƙa na intanet. Takardar adireshin ni na ɗinke ta da hannuna a cikin rigar Sadiƙu.

Wata biyu shiru. Sai Tijani ya shiga rajista da duk jaridar da ke aiko labarin matafiyan Sahara, ta Faransanci, ta Larabci, har ta Ingilishi da ba ya jin ko kalma. Kowace Juma'a daga masallaci sai sibar. Awa ɗaya yake zama, layin intanet yana jan ƙafa, da ƙyar ya karanta guda goma.

"An tsinci gawa sha bakwai kusa da iyaka," in ji shi wata rana da ya dawo.

Na ce, "Sunayensu fa?"

"Ba su sa suna, Mahamadu. Ba su taɓa sawa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa to amfanin me suke yi maka, ban da hana ka cin abinci? Hasan ma ya yi nasa ƙoƙarin: "Malam Tijani, akwatinka ya cika maƙil. Share tarkacen nan."

"Ban karanta su ba tukuna. In sunan yaron yana cikin wanda na share fa?"

Abin da ya karanta kaɗai yake sharewa, kafin Asabar jaridu sun sake toshe gurbin.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani Sa'idu, mutumin Maraɗi, ya yi sallama a shagon Tijani da riga a naɗe cikin leda. Tun daga nesa na gane ɗinkina.

"Zazzaɓi ya kwantar da Sadiƙu wata uku a Gat, can Libiya, kafin ya rasu," in ji Sa'idu. "Sau huɗu na aiko maka, yana cewa Yaya ya zo ya ɗauke shi. Kowane saƙo dawowa yake, wai akwatin ya cika. Ni kuma ban so in karya masa zuciya, sai na ce masa sun isa. Kullum tambayarsa ɗaya: Yaya ya amsa?"

Gat fa tafiyar 'yan kwanaki ce daga nan. Har yau in na tuna, sai na ajiye almakashi.

Tijani bai yi kuka a gabanmu ba. Juma'ar da ta biyo ya je ya soke jaridun duka, ya share akwatin tas. Ya daina ba mu labari, rediyo ma sai dai ya gyara ya kashe. Amma bai fasa zuwa sibar ba. Hasan ya ce yana buɗe akwatin, babu komai a ciki, ya zauna yana kallonsa har awarsa ta cika.